Ruɓewar Saiwar Gyaɗa: Ana Maganinta Tun Iri Yana Cikin Ƙwarya

Bazara ta shigo, an gama sharar gona, kowa ya zuba ido gabas yana jiran hadari. Kafin ruwan shuka ya sauka, muna so mu yi magana a kan wata cuta da take cin gyaɗa daga ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya gani.

Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa, ko gujiya kamar yadda da yawa daga cikinmu suke kiranta, ya san abin da muke nufi. Mutum ya shuka gonarsa cikakkiya. Bayan kwana goma ya dawo, sai ya tarar da layi ya yi giɓi nan da can, kamar bakin tsoho. Wadda ta tsiro ma, wata sai ta yi kwana ashirin tana kore shar, rana ɗaya ta langaɓe, alhali ƙasa tana da danshi. Wani ya ce iri ne ba shi da kyau. Wani ya ce gara ce. Wani kuma ya ce baki ne ya kama gonar. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Ruɓewar saiwa ce.

Wannan hasara ba ƙarama ba ce a wajenmu. Gyaɗa ce ta ɗaukaka sunan Maraɗi tun zamanin Turawa, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a shekarar 1962 domin cinikinta. Fari na 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki. Amma gyaɗa ba ta bar gidajenmu ba. Daga Gabi zuwa Safo, daga Ɗan Isa zuwa Sarkin Yamma, ita ce man miya, ita ce ƙuli-ƙulin da mata suke sayarwa, harawarta kuma ita take riƙe tumaki da awaki da rani. Ga shi irinta ya fi na hatsi tsada nesa ba kusa ba. Hatsi tiya kaɗan ya ishi hekta guda, amma gyaɗa sai an zuba wajen kilo 60 na ɓararren iri. Wanda ya ci bashin wannan iri, in kashi ɗaya cikin huɗu ya ruɓe a ƙasa, ya fara damina da rauni.

Masu laifin su uku ne

Abin da yake kawo cutar funfuna ce, dangin wadda take fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Suna zaune cikin ƙasar gona, wasu kuma suna manne a jikin irin da muka ajiye.

Ta farko ita ce baƙar funfuna. Ita ce mai kashe gyaɗa tun tana jaririya, daga ranar shuka zuwa wajen kwana 40. Wani iri tana ruɓar da shi tun bai tsiro ba. Wanda ya tsiro kuwa, sai ta kama shi a wuya, wato daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. In muka tuge shukar da ta langaɓe muka duba wuyanta, za mu ga ya ruɓe, da wani baƙin gari a jiki kamar kunkunniya. Tana son ƙasa mai rairayi da zafi, irin jigawarmu ke nan.

Ta biyu muna iya kiranta cutar gawayi. Masana suna ce mata Makrofomina. Wannan ba ta gaggawa. Tana jira sai ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi zafi, shuka ta galabaita da ƙishirwa, sa'an nan ta far mata. Uwar saiwa takan yi baƙi ta bushe, ɓawonta ya saɓule, sai a ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an barbaɗa garin gawayi. Waɗannan ɗige-ɗige su ne irin cutar, kuma suna iya yin shekaru cikin ƙasa ba su mutu ba. Mugun abu game da ita shi ne ba gyaɗa kaɗai take ci ba. Tana kama tsirrai fiye da iri 500, cikinsu har da wake da riɗi da dawa da kuɓewa.

Ta uku farar funfuna ce, mai son laima. An fi ganinta a fadama, da gefen gulbi, da gonakin ban ruwa irin na Jiratawa. Takan yi farin zare kamar saƙar gizo a gindin shuka, daga baya ta yi ƴan ƙwayoyi masu launin ƙasa kamar ƙananan tsabar hatsi.

Gara da ƙadandoniya da gwazarma su ma suna cin saiwa, kuma raunin da suka yi shi yake buɗe wa funfuna ƙofa. Saboda haka kada mu yanke hukunci daga tsaye. A durƙusa, a tuge shukar, a karkaɗe ƙasa, a duba. In da rami da ƙasa cikin saiwar, aikin gara ne. In da baƙin gari ko farin zare, funfuna ce.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: shukar da ta riga ta langaɓe ba ta da magani. Duk wanda ya sayar mana da maganin feshi ya ce zai tayar da ita, kuɗinmu kawai ya ci. Feshi a ganye yake sauka, cutar kuwa tana ƙasa. Abin yi a lokacin shi ne a tuge marasa lafiya, a fitar da su daga gona, a ƙone. Aikin gaske ana yin sa ne kafin shuka.

Iri tukuna

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Jar fatar nan da take lulluɓe da ƙwayar gyaɗa ita ce bangonta. In ta yage, funfuna ta sami hanya. Don haka a bar iri cikin ɓawonsa har shuka ta kusa, kamar saura mako ɗaya ko biyu. A ɓare shi da hannu. Mun san aiki ne mai cin lokaci, inji kuma ya fi sauri, amma inji yana fasa ƙwaya yana yage fata. Gyaɗar inji ta mai ce, ta hannu ita ce ta shuka.

Bayan an ɓare, a baza a faifai a tsince. A fitar da fasasshiya, da wadda ta yamushe, da wadda ta canja launi, da mai funfuna. Waɗannan ba a shuka su. Mai funfunar kuma kada a ba yara, kada a zuba ta cikin ta ƙuli-ƙuli, domin wata funfunar tana barin guba mai suna aflatoksin, wadda take lalata hanta, suya kuma ba ta kashe ta.

Wanda yake shakkar irinsa, ya gwada shi. Ya ƙirga ƙwaya 100, ya shuka cikin kwano mai jiƙaƙƙen rairayi, ya ajiye a inuwa. Bayan kwana bakwai ya ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 80 ba, irin yana da rauni, gara a nemi wani tun da sauran lokaci. Malaman INRAN da suke Tarna, kusa da Maraɗi, sun san ire-iren da suka dace da ƙasarmu, kamar 55-437, mai nuna cikin wajen kwana 90.

Jan magani

Mataki na biyu shi ne garin maganin da ake cuɗa iri da shi. Dattawanmu suna tune da Thioral na da. A cikinsa akwai wani sinadari mai suna heftakulo, wanda ƙasashen duniya suka haramta a yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Stockholm a 2001, domin yana daɗewa cikin ƙasa da jikin mutum. Daga baya manoma suka saba da wasu sunaye, kamar Calthio C da Apron Star.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan haɗi ne na maganin funfuna da maganin ƙwari. Calthio C yana ɗauke da tiram, wanda yake zama a bayan ƙwaya kamar riga, ya kashe funfunar da ta taɓa ta. Abokin haɗinsa kulofirifos ne, mai kashe ƙwari, shi ma a 2025 an sa shi cikin jerin sinadaran da duniya za ta daina amfani da su. Apron Star kuwa sinadari uku ne, biyu na cutar ƙasa, ɗaya na ƙwari, kuma suna shiga jikin tsiron su kare shi daga ciki. Tun da doka tana canjawa, kafin mu saya mu tambayi malamin gona wane magani ne yake da izini a bana. Akwai kwamitin ƙasashen Sahel a Bamako wanda yake gwada magunguna ya ba su lamba. Maganin kirki yana da wannan lamba a jikin ƙunshinsa, da ranar da aka yi shi.

A nan ne karatun da muka koya zai yi mana rana. A kasuwanninmu na bakin iyaka ana samun jan gari a ƙulle cikin farar leda, ba suna, ba lamba, ana auna shi da cokali. Mai sayarwa zai rantse cewa shi ne na gaske. To, wa ya san abin da yake ciki? Wani launi ne kawai da gari, wani kuma guba ce da ta fi ƙarfin aikin. Araha ba ta ado. Mu sayi ƙunshin da yake a rufe, mu karanta da bakinmu.

Awo yana rubuce a jikin ƙunshi, kuma shi za a bi. Ga misali, ƙunshin Apron Star mai giram 10 na kilo 4 na iri ne. Mai shuka hekta guda da kilo 60, ƙunshi 15 zai nema. Mai rabin hekta, bakwai da rabi. Mun ga masu raba ƙunshi ɗaya ga buhu guda domin tattali. Wannan ba tattali ba ne: irin zai yi ja-ja, mai shi ya sami kwanciyar rai, funfuna kuwa ta ci abinta. Wuce awo shi ma ɓarna ne, yana iya hana tsiro.

Wajen cuɗawa, kada a sa hannu tsirara. A zuba iri cikin buhun leda mai kauri ko tsohuwar jarka mai murfi, a zuba magani, a rufe, a riƙa juyawa a hankali har kowace ƙwaya ta ɗauki launi. Muka ce a hankali, domin jijjiga da ƙarfi tana yage fatar da muke ta lallaɓawa. In takarda ta ce a yayyafa ruwa, ɗan kaɗan ake sawa, a shanya a inuwa, a shuka ba da jinkiri ba. A yi aikin a fili, iska tana bayan mutum, da ƙyalle a hanci. Mace mai ciki da mai shayarwa da yara su yi nesa. Ƙwaryar da ta ɗauki irin shuka mai magani ta bar hura ke nan har abada.

Zurfin shuka ma yana da magana. Kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, wajen santimita 5. Irin da aka binne da zurfi yana daɗewa bai fito ba, kuma duk kwanan da ya ƙara a ƙasa, dama ce ga funfuna.

Launin nan gargaɗi ne

Ba don ado aka sa wa maganin ja ba. An sa ne don kowa ya san wannan iri ba abinci ba ne. Gyaɗa kuwa ba kamar hatsi take ba, ana cin ta ɗanya, kuma yaran da suke bin mu shuka sun saba jefa ƙwaya a baki. A gaya musu, a kuma sa musu ido.

A ƙasar Iraƙi, a ƙarshen 1971, an raba wa manoma irin alkama mai jan launi wanda aka cuɗa da maganin funfuna mai tsananin guba. Gargaɗin da yake jikin buhunan ba da harshensu aka rubuta shi ba. Mutane suka wanke alkamar, launi ya fita, suka ɗauka guba ma ta fita, suka yi burodi da ita. Fiye da mutum 6,000 aka kwantar a asibiti, fiye da 400 suka rasu. Wannan magani an daina aiki da shi, amma wanki har yau ba ya mayar da irin shuka abinci. Ragowar iri mai magani ba a soya shi, ba a matse mai da shi, ba a ba kaji, ba a kai shi kasuwa. A auna abin da za a shuka kawai a cuɗa.

In tsautsayi ya sa yaro ya ci, ko aka ga yana dalalar da miyau, yana gumi, yana amai bayan ya taɓa magani, a garzaya da shi likita, a tafi da ƙunshin a nuna. Kada a ɗura masa madara ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi.

Magani mai rai

Jan magani yana da iyaka. Ƙarfinsa na ƴan makonnin farko ne. Yana tare baƙar funfuna da kyau, amma lokacin da cutar gawayi take tasowa, a ƙarshen damina in ruwa ya yi gardama, ya riga ya gama aiki. A nan ne masana suka juya ga wata dabara, wato a sa mai rai ya yaƙi mai rai.

Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar Maraɗi. Tun wajen 2006 malaman INRAN suka fara kai wa ƙauyuka ƴan buhunan da wani ƙaramin ƙwaro yake fitowa daga ciki, ya bi gonaki yana kashe murzuna, tsutsar da take cin zangarniyar hatsi. Wanda ya ga wannan aiki ya san ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba. To, haka funfuna take. Akwai wata koriya mai suna Tirikodarma, a jikin ƙunshi ana rubuta ta Trichoderma. Tun 1932 wani masani a Amurka mai suna Weindling ya gano tana cin ƴan uwanta masu cutar da shuka. Tana nannaɗe zarensu ta narkar da shi, tana rigan su cin abinci, tana kuma mamaye saiwa ta hana su wurin zama. Bambancinta da jan magani shi ne tana hayayyafa, tana bin saiwa yayin da take girma. Akwai kuma wasu ƙwayoyin ƙasa masu amfani, da ake kira Basilus da Sudomonas, masu irin wannan aiki.

A ƙasar Indiya, inda ake noman gyaɗa da yawa, malaman gona suna ba da shawarar a cuɗa kilo ɗaya na iri da giram 4 na garinta, ko a gauraya kilo biyu da rabi da ruɓaɓɓen taki kilo 50 a watsa a hekta guda. A Burkina Faso akwai masu haɗa taki da ita suna sayar wa masu lambu.

Amma mu faɗi gaskiya, ba ta cika kasuwanninmu ba kamar jan magani, kuma tana da wuyar sha'ani. Abu ne mai rai. Zafin watan Afrilu, wanda yake wuce awo 40, yana kashe ta in ta kwana a shagon kwano. Kwananta a ƙunshi watanni ne, ba shekaru ba. A busasshen rairayin da ba shi da taki ba ta samun abinci. Wasu magungunan funfuna kuma suna kashe ta kamar yadda suke kashe mai cutar, saboda haka ba a haɗa su a ƙwarya ɗaya sai malamin gona ya ce ya yi. A ganinmu, wannan aiki ya fi dacewa da ƙungiyar manoma: su nema tare, su ajiye a wuri mai sanyi, su raba daf da shuka.

Kafin ta iso, akwai abin da yake hannunmu. Ire-iren waɗannan ƙwayoyi masu amfani suna nan cikin ƙasa mai kyau, abincinsu kuwa ruɓaɓɓen taki ne. Wani masani na cibiyar AGRHYMET ta Yamai, Mbaye Ndiaye, ya yi bincike a kan cutar gawayi a jikin wake, ya kammala a 2007. Ya nuna cewa takin rami yana rage cutar, kuma shuka acca ko hatsi a gonar yana rage yawan irinta cikin ƙasa. Cutar da take cin wake ita ce mai cin gyaɗa, don haka darasin namu ne. Taki yana kuma riƙe danshi, shukar da ba ta ji ƙishirwa ba kuwa cutar gawayi ba ta cika samun galaba a kanta ba. Sai dai takin ya zama ya ruɓe sarai, ya yi baƙi, ya daina zafi. Ɗanyen taki da ɗanyen kara gara suke kira, farar funfuna ma tana son su.

Game da juya shuka, mun san gonaki sun yi ƙanana a ƙasar Madarunfa, jama'a ta yi yawa, ba mai iya barin gona ta huta. Duk da haka, inda gyaɗa ta ruɓe bana, baɗi a sa hatsi, in da hali shekara biyu. A lura: cire gyaɗa a sa wake ko riɗi ba juyi ba ne, domin cutar abinci kawai ta canja. Wajen noma da maimai kuma a kiyaye kada hauya ta sari saiwa, kada kuma a tura ƙasa ta rufe rassan shuka, musamman a fadama.

Ga wani ɗan gwaji da kowane ajin yaƙi da jahilci zai iya yi a wannan damina. A zaɓi gefen gona guda. A shuka layi biyar da irin da aka tsince aka sa masa magani, layi biyar da wanda aka tsince ba magani, layi biyar da wanda aka tsince aka sa magani aka kuma zuba takin rami. Kowane layi ya sami ƙwaya 100. A kafa itace a rubuta ranar shuka. Ranar kwana 15 a ƙirga waɗanda suka tsiro, ranar kwana 40 a sake ƙirgawa, ranar cira a ƙirga na ƙarshe, a auna gyaɗar kowane kashi da tiya. A rubuta lissafin cikin littafi, a kawo aji a karanta a gaban jama'a, a kuma nuna wa malamin gona in ya zo rangadi.